Ranar da Uwar Maƙera Ta Ƙetare Gulbin Sansami

Duk wanda ya gaya maka a kan ƙasa ko a kan sarauta aka yi yaƙin Zangoma da Tarkasa, ka ce masa ya koma ya sake tambaya. A kan fartanya aka yi shi. Ni da nake ba ka labarin nan jikan masu fito ne, a bakin gulbin aka yanke mini cibiya, saboda haka gyara zama.

A zamanin Sarki Tunau, Gulbin Sansami shi ne iyakar ƙasashen biyu. Zangoma tana kudu, ƙasar noma ce, ga dajin ƙirya wadda da itacenta ake gawayin ƙira. Tarkasa tana arewa, ƙasar tsakuwa, gero ko ƙugu ba ya kaiwa, amma Allah ya ba ta maƙera na ji da gani. Mutanen kan dutse su haƙo tama su narka, su gangaro da ƙarfe ta gulbi su sayar wa duk wanda ya taya. Maƙeran Tarkasa su sayi ƙarfen, su sayi gawayinmu, su ƙera fartanya da garma da sungumi, sannan su dawo su sayar mana. Mashigi ɗaya ne tak, kuma duk kayan da za su shigo Zangoma sai an ba da fito, ɗaya cikin ashirin, a hannun Sarkin Fito Nomau.

Nomau ɗan gajeren mutum ne baƙi, mai taurin kai na ƙin ƙarawa. Shekara ashirin da biyu ya yi a bakin mashigin nan. Ba ya yawan magana, amma ba abin da ke wucewa ta gabansa bai saka shi a ransa ba.

Wata rana bayan an gama sussuka aka cika a fada. Sarkin Maƙera Ƙosau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, kuka na kawo. Maƙeran Zangoma mun zama masu ɗaura ƙota da wasa wuƙa. Manomi ya ɗauki fartanyata ya juya ta, ya ajiye, ya wuce ya sayi ta Tarkasa. Zaki, in ba a tare kayan nan a bakin ruwa ba, nan da shekara biyar ba za a ƙara jin ƙarar masaɓa a birninka ba."

Sarki ya dubi Nomau, ya ce, "Sarkin Fito, ruwan a hannunka yake. Me ka gani?"

Nomau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na daɗe ina jiran a tambaye ni. Duk ƙarfen da aka riga aka ƙera, fartanya ce ko takobi ko allura, a karɓi ɗaya cikin uku. Ƙarfen da ba a ƙera ba ya shigo kyauta. Sannan uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake dukan ƙira a kansa, da zugazugi da awartaki, duk maƙerin da ya ƙetaro da su kada a karɓi ko ƙwayar gero a hannunsa, a ba shi fili a cikin ganuwa ya kafa."

Ƙosau da ya ji ɗaya cikin uku sai murna ta toshe masa kunne, bai ma saurari ƙarshen maganar ba. Yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne, wallahi haka ne."

Galadima Ɗari ne ya gyara zama. Dattijo ne wanda ya ga yaƙi huɗu, kuma ba na ɓoye maka, mutumin kirki ne, maganarsa ma tana kan hanya. Ya ce, "Zaki, Sarkin Fito yana magana kamar Sarkin Tarkasa ne zai biya wannan fiton. Ba shi zai biya ba. Bafatake zai ɗora a kan fartanya, talakanka da ke duƙe a gona shi zai biya. Wannan ɗaya ke nan. Sa'annan Gagarau Sarkin Tarkasa ba mutumin da ake taka wa ƙafa ya yi shiru ba ne. In ya hana mu kayan noma gaba ɗaya ana gab da damina fa? Da me za mu yi shuka, da rawunanmu?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe Galadima, gaskiya ka faɗa, talaka zai ji jiki bana. Ban ce ba zai ji ba. Amma gawayin namu ne, gonakin namu ne, ƙarfen kuma ta gabanmu yake wucewa. Abin da Tarkasa take da shi hannu ne kawai, hannu kuwa yana da ƙafar da za ta kawo shi. Shekara ashirin da biyu ina sauke kayan maƙeran nan. Cikin fartanya goma da suke ƙerawa, bakwai mu ne muke saye. Ba Gagarau ke ciyar da su ba, Zangoma ce."

Sarki Tunau ya dubi Nomau ya ce, "Na yarda, a yi shela. Amma ka ji ni da kyau, Nomau ɗan Anaruwa. Ga rimin ƙofar fada can. Ranar da shamuwa ta sauka a kansa, damina ta zo ke nan. In a ranar talakawana ba su da abin da za su yi shuka da shi, ba rawaninka kaɗai zan cire ba, har da abin da aka naɗa shi a kai."

Fadawa suka amsa, "Ka ji, Sarkin Fito!" Nomau ya faɗi ya ce ya ji ya karɓa, ko gezau bai yi ba.

Kwana tara da yin shela sai ga manzon Gagarau ya iso da rakiyar mutum shida. Ko takalmi bai tuɓe ba sai da dogarai suka daka masa tsawa. Ya kwance wani ƙunshin fata a gaban Sarki, sai ga ƙotar sungumi, tsurarta, babu ƙarfe.

Ya ce, "Ubangijina Gagarau, mai Tarkasa da duwatsunta, ya ce a gaishe ka. Ya ce tun kaka da kakanni ɗaya cikin ashirin aka sani. Tun da ka ga dama ka mai da shi ɗaya cikin uku, to, ka riƙe ukun duka. Daga yau ko ƙusa ba za ta ƙetaro gulbi ba. Ga abin shuka ya aiko maka. Ya ce in kaka ta yi zai zo da kansa ya ga abin da ka girbe."

Galadima ya dubi Nomau, kallon da ke cewa ai na faɗa. Sai ya ga Nomau yana murmushi har haƙoransa sun fito. Bayan an sallami manzo, Galadima ya tare shi a zaure ya ce, "Kai, lafiyarka kuwa? An aiko mana da yunwa kana dariya?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, da Gagarau yana da wayo da sai ya bar su su ci gaba da kawowa, ko da tsada. Yanzu da bakinsa ya rufe wa maƙeransa kasuwarsu. Rabin aikina ya yi mini."

To, nan ne fa Ƙosau ya farga. Wani ya zaunar da shi ya maimaita masa shelar tun daga farko har ƙarshe, ya ji zancen uwar maƙera da filin da za a bayar cikin ganuwa. Kai, ranar ko tuwo bai iya ci ba. Shi so yake a tare masa fartanyar Tarkasa a bakin ruwa, ba a shigo masa da masu ƙera ta har ƙofar gida ba. Sai ya tara maƙeransa, ya ce kowa ya ci gaba da aiki, amma kada wanda ya kai ko fartanya ɗaya kasuwa. Duk abin da aka ƙera a zuba a rumbunan gidansa a rufe da ƙaiƙayi. Dabararsa ita ce shamuwa ta sauka kasuwa ba kowa, a sare Nomau, a soke zancen ba baƙi fili, sannan shi ya buɗe rumbu ya sayar yadda ya ga dama. Ka ji mugun mutum.

Wata biyu aka yi ana jin jiki. Fartanyar da ake ba da ita a kan dami ɗaya na gero ta koma dami huɗu, ita ma sai an yi rantsuwa kafin a samu. Mutane suka dinga tono tsofaffin garemani daga juji suna wasawa. Wata tsohuwa ta tako tun daga ƙauye har bakin mashigi, ta tsaya a gaban Nomau da guntun ƙarfen da ya rage mata, wanda bai fi tafin hannu ba. Ta ce, "Kai ne Sarkin Fito? Marayu huɗu nake riƙo. Da wannan zan noma musu? Allah ya isa tsakanina da kai." Nomau ya shiga gida ya ɗauko fartanyar gidansa ya ba ta. Masu fito sun ce ranar ce kaɗai suka ga idonsa ya yi ja, don maganar ta soke shi ƙwarai.

Amma bai sassauta ba. Bai aika ɗan leƙen asiri Tarkasa ba, bai ba kowa toshiya ba. Abu ɗaya yake yi: duk ranar kasuwa sai ya sa sankira mai shela ya tsaya a bakin ruwa ya maimaita shelar da ƙarfi, yadda masuntan ƙetare za su ji. Ya san masunta ba sa riƙe magana.

A can Tarkasa kuwa Gagarau ya ƙara ɓata lamarinsa. Ya sa maƙera su bar komai su koma ƙera masa kan kibiya da mashi, aikin fada, ba lada sai sannu. Gidajen da suka saba cin geron Zangoma suka koma kwana da yunwa.

Ranar wata Alhamis da hantsi, sai ga shamuwa biyu sun yi shawagi sun sauka a kan rimin ƙofar fada. Kafin azahar dogarai sun je sun zo da Nomau. Aka tsai da shi a tsakiyar fada, Sarkin Dogarai ya warware masa rawani a gaban jama'a, hauni mai sare kai yana tsaye a gefe da takobi a kafaɗa. Ƙosau yana zaune ya sunkuyar da kai, wai shi mai jimami.

Sarki ya ce, "Nomau, ga shamuwa. Ina fartanya?"

Nomau ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ranar shamuwa ka ce, rana kuwa ba ta faɗi ba."

Galadima Ɗari, duk da shi ne ya fi kowa jayayya da shi, ya ce, "Zaki, yana da gaskiya a nan. A bar shi zuwa faɗuwar rana."

Bai rufe baki ba sai ga wani mai fito ya faɗo fada a guje, jiƙe sharkaf, ya zube. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Tarkasa ta cika bakin gulbi! Mutane ba iyaka, ga ƙura kuma a bayansu!"

Fada ta rikice, aka buga tambari, kowa ya ce yaƙi ne ya zo. Nomau ya ɗaga murya ya tambayi mai fiton, "Kai Cindo, dube ni. Da mata a cikinsu?"

"Da mata, Sarkin Fito, har da goyo."

"Jakunansu fa, yaya suke tafiya?"

"Da ƙyar suke ɗaga ƙafa, ga kayan kuwa ba su da girma."

Nomau ya juya ga Sarki ya ce, "Zaki, kaya kaɗan mai durƙusar da jaki ƙarfe ne. Baƙinka ne suka iso. Ƙurar da ke bayansu ita ce yaƙin."

Sarki da kansa ya hau, aka tafi mashigi, Nomau yana gaba a ƙasa, kai ba rawani, hauni yana biye da shi. Da suka isa sai ga ƙetare ya yi baƙi da mutane. Wani dogon tsoho mai ƙonannun hannuwa ya shigo ruwa har gwiwa, ya yi kira, "Ni ne Jatau, babban maƙerin Tarkasa! Gida arba'in da uku ne a bayana! Mun ji shelarku. In gaskiya ce ku turo jirage, dakarun Gagarau suna dab da mu!"

Ƙosau ya matso kusa da Sarki, ya ce, "Zaki, makirci ne. In jiragenmu suka ƙetara, da su za a kawo mana yaƙi." Wannan karon har Galadima ya gyaɗa kai, don maganar ba ta rasa kan gado ba.

Nomau ya ce, "A tura jirgi ɗaya." Sannan ya kewaye baki da hannu ya yi kira, "Jatau! Sarki yana son shaida!"

Tsohon bai tambayi wace irin shaida ba. Ya juya ya yi magana, sai ga ƙarti huɗu sun ɗauko wani abu a naɗe cikin baƙar fata, suna nishi. Aka sa shi a jirgi shi kaɗai, ba mace, ba yaro, ba shi kansa Jatau. Da jirgin ya iso aka kwance, sai ga uwar maƙera, baƙa wuluk, bakinta ya lotsa saboda dukan kakanni bakwai.

Kai da ba maƙeri ba ba za ka san girman abin nan ba. A al'adar maƙeran gulbin nan, inda uwar maƙera ta kwana nan ne garin maƙeri, kuma har abada ba ya ƙera abin da zai zub da jinin ƙasar da take kafe. Mutum ya fi yarda ya ba ka ɗansa jingina da ya ba ka ita. Nomau ya san haka tun ranar da ya yi magana a fada, shi ya sa ya roƙa mata shiga kyauta.

Sarki Tunau ya dubi Ƙosau ya ce, "Sarkin Maƙera, kai ne masanin wannan. Maƙeri yana yin ƙarya da ita?"

A gaban uwar maƙera ko Ƙosau bai isa ya yi ƙarya ba. Ya ce, "Ba ya yi, Zaki."

Sarki ya ce, "A kwance jirage duka!"

An ƙetaro da rabin mutane ke nan dakarun Tarkasa suka ɓullo daga bayan tudu. Galadima Ɗari ya zare takobi ya ce, "Ni na ce kada a tsokano yaƙin nan, amma tun da ya zo, ba a gabana za a yanka baƙin Sarki ba." Ya faɗa ruwa, mutum ɗari uku suka bi shi, ruwa iya ƙirji, garkuwa a ka. Suka hau gaɓar ƙetare suka tsaya tsakanin maƙera da masu korarsu.

Maharban Tarkasa suka saki kibau, sama ta yi duhu. Suka sake saki na biyu, na uku. Daga nan sai harbin ya fara tsinkewa. Wani barden Galadima ya tsinci kibiyar da ta buge shi a kafaɗa ta faɗi, ya duba, sai ya fashe da dariya a tsakiyar yaƙi. Kara ne aka fiƙe, ba ƙarfe a bakinsa. Ashe wata guda ke nan maƙera suna jan ƙafa, kwarin kowane maharbi kibiya uku ce ta gaske, sauran duk cikon ido ne. Galadima ya yi kabbara aka afka musu. Ba a yi awa guda ba Tarkasa ta juya da baya, Gagarau da kansa aka gani yana tsula wa dokinsa bulala ya nufi tudu.

Kada ka ce an ci banza. Mutum goma sha bakwai muka rasa a gaɓar nan, uku daga cikinsu masu fito ne, an kuma soki Galadima da mashi a cinya, har ya mutu yana ɗingishi. Nomau da kansa ya shiga ruwa ya tallabo shi zuwa gaɓa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka faɗa za a biya, ga shi an biya." Galadima ya ce, "Rufe mini baki, ɗan gajere, je ka karɓi baƙinka."

La'asar ta yi sanyi ana ta sauke kaya, sai aka ji kukan jakuna daga wajen gari. Wai ashe Ƙosau ya sulale tun ana yaƙi. Ya lissafa cewa gobe in Jatau ya hura wuta, fartanyar da ya ɓoye ba mai dubanta, gara ya fito da ita yau ya ci riba ya kuma ci suna. Ga shi nan da jaki goma sha biyu, yana haki, yana cewa, "Allah ya ja zamanin Sarki, ga gudummawar maƙeran Zangoma! Yanzun nan muka gama su!"

Sarki ya sa aka miƙo masa guda ɗaya. Ya juya ta, ya ga tsatsa ta fara cin gefenta. Ya kai ta bakinsa ya hura, sai ƙaiƙayi ya tashi ya sauka a kan rigarsa. Sarki ya miƙa wa hauni fartanyar, hauni ya bar bayan Nomau ya koma ya tsaya a bayan Ƙosau.

Sarki ya ce a kawo rawanin Sarkin Fito. Ana cikin naɗa masa sai jirgin ƙarshe ya iso, Jatau a ciki da manyan kwanduna tara, cike da fartanya da sungumi sababbi fil, waɗanda Gagarau ya hana shi sayarwa. Manoman da suka taru a gaɓa suka ɗauki sowa, suka yo ca a kan jirgin.

Nomau ya daka tsawa, rawani bai ma gama zama ba, "Kowa ya tsaya! Wannan ƙarfe ne ƙerarre, kuma daga ƙetare ya fito. Ɗaya cikin uku."

Galadima daga inda yake kwance ya ce, "Kai, wannan mutum! Yau ma?"

Nomau ya ce, "Yau ma, ranka ya daɗe. Dokar da ta kusa cin wuyana ba zan karya ta ranar da ta yi mini rana ba." Ya juya ga Sarki ya ce, "Zaki, rabon fada ne, amma ina roƙo a fara da wata tsohuwa mai marayu huɗu." Sarki ya ce an ba shi.

Jatau ya dubi ɗan gajeren mutumin nan. Sannan ya sunkuya da kansa ya jawo kwando uku ya dire a gabansa, ya ce, "Karɓi, Sarkin Fito. Amma ka dube su da kyau, don wannan ne fito na ƙarshe da za ka ƙara ci a hannuna. Daga gobe a cikin ganuwarku zan ƙera, ba ka da ko ƙusa a kaina."

Nomau ya dafa kwandon, ya dubi uwar maƙera da ƙarti ke kinkima suna hawa tudu da ita zuwa ƙofar gari. Ya ce, "Baba Jatau, ai ba fartanyarka nake so ba tun farko. Ranar da zan rasa abin karɓa a hannunka nake nema."

Hadari yana haɗuwa a gabas lokacin da aka kafa uwar maƙerar a cikin ganuwa.